Makoki da Bege: Nazarin Ta'aziyyar Kirista a Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja, tun daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Guri da Kirikasamma, inda kogi yake barbazuwa cikin fadamu kafin ya doshi Nguru, ya san mutanenta ba baƙin mutuwa ba ne, domin ruwan da yake ba su shinkafa da kifi shi ne yake rusa ɗakunan ƙasa a kan masu barci, ya kifar da kwalekwale, ya bar sauro da zazzaɓi a bayansa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. Galibin jama'ar Musulmi ne, shari'a da al'ada kuwa sun daɗe da shimfiɗa musu tafarkin da za su bi idan ajali ya sauka: istirja'i, wanka, likkafani, sallar jana'iza, binnewa ba da jinkiri ba, zaman makoki, sa'an nan takaba ta wata huɗu da kwana goma ga matar mamaci. Amma a tsakaninsu akwai 'yar jama'a ta Kirista, waɗanda mutuwa take ziyarta kamar kowa, kuma yadda suke rarrashin zukatansu da imaninsu abu ne da ya cancanci nazari cikin natsuwa da adalci.

Asalin jama'ar nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda fatauci da aikin gwamnati suka kawo, musamman bayan da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa Malam Madori ya mai da ita tashar Haɗeja da kasuwar gyaɗa. Akwai kuma 'yan ƙasa, Hausawa gaba da baya, waɗanda ake kira Masihiyawa, waɗansu zuriyar Maguzawa, waɗansu kuwa iyayensu sun haɗu da bishara ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta yi tasha a Garun Gabas. Daga wannan mishan ekklesiyar ECWA ta fito, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Angilika suna ƙarƙashin Dayosis na Dutse, Katolika kuma na Kano. Bambancin kashin biyu ya fi fitowa ranar rasuwa, saboda baƙo yakan ɗauki gawarsa a mota ya kai ta garinsu, alhali Bamasihiye ba shi da wani gari sai wannan, a nan zai haƙa kabari, a nan kuma zai zauna makoki a idon maƙwabtan da suka san kakansa.

Yana da kyau a tuna cewa ekklesiyar da take magana da Hausa a cikin makoki aka haife ta. Daga cikin mutum uku da suka fara aikin SIM a 1893, biyu sun riga mu gidan gaskiya a shekarar da ta biyo, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya saura. Zuriyar Isawa, wato masu girmama Annabi Isa, da suka taru a Gimi ta ƙasar Zazzau a hannun Likita Walter Miller, ciwon barci ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai har ragowar suka tashi. Da yawa daga masu bi na farko a lardin Kano da Katsina da Sakkwato a asibitocin kutare suka ji bishara, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Saboda haka sa'ad da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, hannun mutanen da suka riga suka san zafin rashi ya shiga.

Wanda ya shiga gidan makokin Bamasihiye a ƙasar Haɗeja, da farko ba zai ga wani abu baƙo ba. Maza suna kan tabarmi a ƙofar gida, mata suna ciki, mai zuwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Baba, ya haƙuri?" a amsa masa da godiya, ya ce Allah ya ba da dangana, ya raya abin da aka bari. Maƙwabta Musulmi suna zuwa, ana aiko da kunu da tuwo, kamar yadda shi ma mai gidan ya je nasu. Wannan zumunci ina ganinsa babbar ni'ima, wadda bai kamata mai wa'azin kowane ɓangare ya raina ta ba, domin rabin haƙuri a ƙasar Hausa ganin fuskokin mutane ne.

Inda hanya ta rabu shi ne wajen addu'a. Musulmi yana fuskantar da roƙonsa ga mamaci, yana nema masa rahama da gafara da sauƙin tambayar kabari, yana yi masa sadaka da fatan ladan ya kai gare shi, a cikin wannan kuwa akwai sanyin zuciya mai yawa, tun da mai rai yana jin akwai sauran abin da zai iya yi wa wanda ya tafi. Mabiyin ECWA ba ya yin haka, domin aƙidarsa ita ce hisabin mai bi ya riga ya ƙare a kan gicciye, wanda ya mutu cikin bangaskiya yana wurin Ubangijinsa, ba ya bukatar roƙon kowa. Sai addu'ar duka ta juyo kan masu rai, gwauruwa da marayu da tsofaffin iyaye. Katolika kuwa suna yi wa matattu addu'a, suna ba da hadayar Mas dominsu, har sun keɓe ranar 2 ga Nuwamba ta kowace shekara don tunawa da su, ta wannan fuska sun fi kusa da maƙwabtansu Musulmi. Kowace hanya da nauyinta. Wanda aka ce masa babu abin da ya rage ya yi, an sauke masa kaya, amma an bar hannunsa wofi a lokacin da hannu yake neman abin riƙewa, shi ya sa ta'aziyyar irin wannan ekklesiya ta dogara ƙwarai a kan karatu da waƙa.

Nassoshin da ake karantawa sanannu ne: Zabura ta 23, sura ta 15 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa a kan tashin matattu, sura ta 4 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, da sura ta 11 ta Bisharar Yahaya, inda aka ba da labarin Li'azaru na Betanya. A ganina wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙi, saboda a cikinsa Almasihu, ko da yake ya san zai ta da abokinsa nan da ɗan lokaci, bai tsawata wa Marta da Maryamu a kan kukansu ba, bai ma tsawata musu a kan ƙorafin da suka yi na jinkirinsa ba, sai shi kansa ya zub da hawaye tare da su. Bulus ma bai haramta baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin cikin wanda ya yanke ƙauna. A nan ne nake da magana da waɗansu masu wa'azinmu, waɗanda gaggawar nuna nasarar imani take sa su ce wa uwar da ta binne ɗanta da safe ta share hawaye ta yi murna, kamar kuka alamar raunin bangaskiya ne. Wannan ya haɗu da kunya da kara irin ta Bahaushe, wadda dama take hana uwa nuna ɗokin ɗan fari, sai ka ga mace ta haɗiye abin da ya kamata ya fito, ya zauna mata a ƙirji shekara da shekaru. Abokan Annabi Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma littafin ya nuna laifinsu bai fara ba sai da suka buɗe baki suna neman dalilin musibarsa.

Waƙa kuwa aikin mata ne fiye da kowa. 'Yan Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da tulun kiɗa da caki, su ne suke kwana a gidan rasuwa, suna rera abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi da waɗanda suka tsara da kansu a kan karin gargajiya, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi. Hikimar abin ita ce wadda aka yi wa rashi ba a bukatar ta ce kome. Jama'a suna furta begen a madadinta har ranar da bakinta zai iya ɗauka. Mata kuma suna raka gawa har bakin kabari, abin da ba a saba gani ba a wajen maƙwabta.

Akwai wata mas'ala mai wuya wadda baƙo bai cika saninta ba, amma Bamasihiye yana kwana da ita. Gida ɗaya, wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka kuwa ta mutu a kan al'adar Maguzanci. Idan uba ya rasu a kan addinin da ba na ɗansa ba, ɗan yakan tsaya gefe ana sallar gawa, zuciyarsa tana tambayar abin da harshe yake tsoron faɗa, haka kuma ɗan'uwansa Musulmi yake ji ranar da aka ɗauki akwatin ƙanensa zuwa majami'a. Nassoshin tashin matattu, waɗanda aka rubuta domin masu bi, ba su amsa wannan kai tsaye ba, kuma faston da ya yi garajen yanke hukunci, ko na azaba ko na tsira, ya shiga hurumin da ba nasa ba. Abin da na ga ya fi dacewa, dattawan kirki ma shi suke yi, shi ne a mai da mai makoki ga roƙon da Annabi Ibrahim ya yi saboda Saduma a sura ta 18 ta Littafin Farawa, inda ya jingina al'amarin duka ga adalcin Mai shari'ar duniya, a bar gaibu ga Masaninsa, a kuma ƙarfafa shi ya zauna makoki tare da danginsa, ya ɗauki rabonsa na hidima.

Rauni mafi girma yana zuwa ne bayan an watse. Takaba, duk da tsananinta, tana killace mace, tana sanar da gari cewa wannan tana cikin rashi har wata huɗu da kwana goma. Gwauruwar Kirista ba ta da wa'adi irin wannan, sai ka ga mako biyu bai cika ba an ɗauka ta warke, alhali kuɗin akwati da na ajiyar gawa da na ciyar da baƙi, al'adar da take shigowa daga wasu sassa tana kuma yi wa talaka nauyi, sun cinye abin da za a sayi iri da taki. Wasiƙar Yaƙub ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'anar sahihiyar ibada. A ƙasar fadama fassarar wannan a fili take: matasan ekklesiya su yi gayya su nome mata gonar shinkafa kafin ruwa ya cika, dattawa su tsaya a rabon gado kada dangin miji su kwashe gona, 'yan Zumunta kuma su riƙa leƙa ta a watan Agusta da Satumba, lokacin da hanya take yankewa, rumbu kuma ya yi ƙasa.