Keken da Ke Kwaikwayon Allurar Hannu

Duk wanda ya kai shadda shagon tela a Goron Dutse, ko a bakin titin Aminu Kano ko cikin lungunan gindin dutsen, tambayar farko da zai sha ita ce: aikin hannu, na keke, ko na kwamfuta? Na hannu shi ne na gado, babbar riga ɗaya takan ci watanni. Na kwamfuta kuwa na'ura ce ke bin zanen da aka ɗura mata. Na tsakiyar shi ne abin kallo, domin ƙarfe ne ke ɗinki, amma mutum ke nuna masa hanya, kusurwa bayan kusurwa.

Asalin keken surfani mai hannu a ƙasa daga Faransa ne. Wani injiniya, Antoine Bonnaz, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860, kamfanin Cornely na birnin Paris ya riƙa ƙera shi. Manufarsa ita ce ya kwaikwayi ɗinkin sarƙa, wato wanda kowane madauki na zare ke shiga cikin na bayansa, irin wanda ake yi da ƙugiya a hannu.

Allurarsa ba ta da kafa, ƙugiya gare ta a baki. Zare ɗaya tak yake amfani da shi, shi ma daga ƙarƙashin teburi yake tasowa. Allura ta huda yadi ta sauka, wani ɗan ƙarfe ya naɗa mata zaren, ta jawo shi sama ya zama madauki. Yadi ya ɗan gusa, ta sake sauka ta cikin wancan madaukin ta ɗauko sabo. Haka sarƙa ke shimfiɗuwa a fuskar yadi. Sirrin yana wurin wani mariƙi da ke ƙarƙashin teburi. Inda tela ya murɗa shi, nan ɗinki zai nufa: gabas, yamma, ko zagaye, ba tare da an juya rigar ba. Hannun dama na ƙasa yana tuƙi, na hagu na sama yana lallaɓa yadi, ƙafa na ba da gudu, ido na kan bakin allura. Ido bai taɓa ganin abin da hannun dama ke yi ba, amma ba sa saɓawa.

Aiki yana farawa da zane. A shimfiɗa gaban riga, a fitar da aska biyu ko aska takwas, wato dogayen tsinayen nan da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu, sannan tambari, zagayen da ke nannaɗe a ƙirji da baya. A sa takarda a ƙarƙashi don kada yadi ya tattare. Gwani ba ya hawa riga kai tsaye, sai ya gwada a ƙyalle. In zare ya yi tauri, shadda za ta yamutse, in ya yi sako-sako, sarƙar za ta tashi ta riƙa kama yatsa. Sai ya bi gefen zane tukuna, kana ya cike ciki, layi na jingine da layi har ba a hango yadi. A tambari hannu ke juyawa a hankali ba tsayawa. A tsinin aska kuwa sai ya sassauta ƙafa, ya murɗa mariƙin gaba ɗaya cikin ɗinki guda, in ba haka ba tsinin ya dakushe. Daga ƙarshe ya ja bakin zare zuwa baya ya ƙulle, don ɗinkin sarƙa in aka ja shi ta ƙarshe, warwarewa yake har tushe. A yage takarda, a tsince zare da almakashi, sai guga ko wurin mabuga.

Mutanen Japan ma suna da nasu ɗinkin hannu da keke ya kwaikwaya, mai suna sashiko. Tun zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, matan manoma da masunta, musamman a arewacin ƙasar mai tsananin sanyi, ke haɗa tsofaffin yadduka rinin baba, su bi su da farin zare, ɗinki da tazara, ɗinki da tazara, don tufa ta yi kauri ta daɗe. Daga baya kamfanin Baby Lock ya fitar da keken da ke kwaikwayon wannan. Shi ma zare ɗaya ne, daga kwarkwaro, kuma yana barin tazara a sama kamar yatsu ne suka yi. Sai an juya bayan yadi asiri ke tonuwa, don can layin a haɗe yake. Dillalan riguna na Kasuwar Kurmi sun daɗe da sanin wannan dabara: bayan riga suke dubawa kafin su yi tayi.

Abin da keken Kano ke yi ya wuce babbar riga. Da shi ake wuyan kaftani, da dogayen rigunan mata, da rigar matashi, da bajon makaranta. In dutsen guga ko garwashin turaren wuta ya ɓula shadda mai tsada, mai basira kan zana ɗan dagi a kan ɓular, ya yi irinsa a ɗaya gefen, faci ya koma ado. Ga kuma wata ƙofa a buɗe, irin ta sashiko. Muna da marinar Ƙofar Mata, muna da ƙyallayen da ake sharewa daga ƙarƙashin teburin tela kowace yamma. A jera su, a bi su da farin zare layi-layi, a samu jaka, ko shimfiɗar teburi, ko bargon jariri.

Yaron da ya zo koyo ba ya taɓa shaddar mutane da wuri. Watanni zai yi yana tsince zare, yana zuba wa keke mai, yana zagaye a kan tsumma har hannunsa ya daina shawara da kansa. In ya ce, "Maigida, ya yi?", sau da yawa amsar ita ce, "Warware ka sake." Sa'anninsa na majalisar ƙofar gida suna latsa waya, su da shi rana ɗaya ke faɗuwa a kansu. Bambancin yakan fito ne a goman ƙarshe na azumi, lokacin da riguna suka taru har rufi, maigida ya zaro shaddar wani babban mutum daga tsibin, ya miƙa masa ya ce ya hau keke.