Kariya Ga Shafin Intanet Maras Ado

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin samarin da suka koyi sana'ar tsara shafukan intanet, wai duk shafin da ba shi da hotuna masu motsi, ba shi da bidiyo mai kunna kansa, ba ya kuma tare baƙo da wata 'yar taga yana roƙonsa adireshinsa, shafi ne na jiya wanda zamani ya wuce ya bari. Ko da yake ba na shakkar ƙwarewar masu wannan hukunci a kan aikinsu, ina ganin sun ɗauki ado sun ajiye shi a mazaunin asali, alhali kuwa abin da ke sa mutum ya komo wani shafi gobe da jibi shi ne ya sami abin da ya zo nema ba tare da wahala ba, kuma ba a yaudare shi a hanya ba.

Tarihin abin ba shi da tsawo. A 1989 ne Tim Berners-Lee, mutumin Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN, ya gabatar da shawarar tsarin shafukan intanet, kuma shafin farko da jama'a suka gani a 1991 rubutu ne zalla da mahaɗai. Manhajar Mosaic ta 1993 ta jera hotuna tare da rubutu, daga nan aka shiga zamanin manhajar Flash, inda kamfanoni suka yi ta gasar buɗe shafukansu da kiɗa da walƙiya. Apple ya ƙi yarda da Flash a wayoyinsa, kamfanin Adobe mai Flash ɗin kuma ya daina kula da shi a ƙarshen 2020, sai ga dubban shafukan da aka kashe wa dukiya ba sa buɗuwa. Shafin farko na Google kuwa, wanda tun 1998 bai wuce akwati ɗaya a tsakiyar farin fili ba, da Wikipedia da aka kafa a 2001, har yau su ne mutane ke komawa safe da yamma.

Abin da na fi ƙauna a wannan tsohuwar hanya, wanda kuma na ga masu sabon yayi sun fi rainawa, shi ne mahaɗi: kalmar nan shuɗiya mai layi a ƙarƙashinta, wadda in an danna ta take kai mutum wani shafi. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san matani da hashiya, yadda ɗalibi ke bin layin karatunsa, in ya ci karo da lafazi mai tsauri ya leƙa gefen takarda, ya fahimta, ya komo inda ya tsaya ba tare da ya ɓata ba. Aikin mahaɗi ke nan, kuma kowane sashe na siffarsa yana da hikimarsa. Shuɗin launin ya bambanta shi da baƙin rubutu, ta yadda ido zai gane shi tun kafin a karanta. Layin ƙarƙashi domin wanda idonsa ba ya rarrabe launuka ne, ko wanda ke duba waya a tsakar rana, hasken ya dushe masa komai. Sa'an nan in an riga an bi shi sai ya rikiɗe zuwa shunayya, wato shafin ya tuna wa baƙo inda ya taka, don kada ya maimaita hanya. Mai tsara shafi da ya cire layin, ya mai da launin toka-toka domin ya dace da tambarin kamfani, ya kuma hana shi canzawa, ya zubar da waɗannan fa'idodi duka saboda abin da babu baƙon da ya roƙe shi.

Sai kuma lafazin mahaɗin kansa, wanda nan ne ake gane mai ladabi da maras shi. Alal misali, shafin wata makaranta ya rubuta cewa don ganin ranakun jarrabawa a danna nan, don biyan kuɗi a danna nan, don neman gurbi a danna nan. Mai ido yakan daure ya karanta jimlar gaba ɗaya, ko da yake binciken Jakob Nielsen tun 1997 ya nuna cewa galibin mutane ba sa karanta shafi kalma bayan kalma, ido kawai suke wurgawa suna neman abin kamawa. Makaho kuwa, wanda manhaja ke karanta masa allo da murya, sau da yawa yakan nemi ta jero masa mahaɗan shafin su kaɗai, sai ya ji ana ta maimaita masa "danna nan" ba tare da ya san wanne ne na jarrabawa ba. Da an sa shuɗin a kan "ranakun jarrabawa" da "biyan kuɗin makaranta", da mahaɗin ya faɗi inda zai kai mutum, ya kuma kai shi can. Wannan alkawari ne, kuma cika shi a kowace dannawa shi ke gina amana tsakanin shafi da baƙonsa.

Masu cewa irin wannan tsari talaucin basira ne, amsarsu tana shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, wanda aka buɗe a 2012 da baƙin rubutu a kan fari, da gajerun jimloli, da koren maɓalli guda inda ake son mutum ya fara cika takarda, kuma shi ne ya ci kyautar zanen shekara ta gidan adana zane-zane na Landan a 2013. Ba sai na ƙara komai a kan wannan ba.

Inda saɓanina da su ya fi tsanani shi ne ma'aunin da suke auna nasara da shi, wato yawan mintocin da baƙo ya ɓata a shafi. Daga wannan ma'auni aka haifi shafin da ba shi da ƙarshe, wanda duk yadda ka ja shi ƙasa sai ya ƙaro maka, har Aza Raskin, wanda ake jingina wa ƙirƙiro shi a 2006, ya fito daga baya ya bayyana nadamarsa. Mutumin da aka tsare da dabara ya daɗe, ba shakka, amma yakan tashi da jin an ci masa lokaci, kuma wanda ya zo neman lambar wayar asibiti ya same ta cikin daƙiƙa kaɗan ya tafi, shi ne zai komo duk ranar da bukata ta sake tasowa.

A ƙasarmu ma hujjar ta fi ƙarfi, domin akasarin masu shiga intanet da waya suke shiga, da datar da suka saya da guminsu, a wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Bidiyon da ya kunna kansa daga aljihun baƙo ake biyan kuɗinsa, ba tare da an nemi izininsa ba, kuma ban san sunan da ya dace da wannan ba in ba israfi da dukiyar wani ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda aka ba aikin tsara shafin makaranta ko jarida ko asibiti, kafin ya miƙa aikin, ya ajiye babbar kwamfutarsa, ya ari ƙaramar waya irin ta talakawa, ya fita da ita bayan gari, ya nemi abu ɗaya a shafin nasa ya ga ko zai same shi.