Fijo 504 da tayar da ke rataye a ƙarƙashinta

Motar da aka daina ƙerawa kusan shekara 20 ba kasafai ake yi mata bita ba. Fijo 504 ta cancanci a yi mata, kuma dalilin yana cikin but ɗin motocin da ake shigo da su yanzu ta Kwatano da Legas. Mai saye zai ɗaga shimfiɗar but yana neman safaya, sai ya tarar da 'yar kwalbar gam da ƙaramin famfon iska kwance cikin soso. Babu taya, wani lokaci har jak babu. Ya zargi dillali, alhali haka kamfani ya sayar da ita. A 2017 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ce kashi 28 cikin 100 na samfuran motocin shekarar ba su zo da safaya ba. Su ne yanzu suke isowa hannunmu bayan sun gama ƙuruciyarsu a can.

An fito da 504 a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, shekarar da kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Turai ta sallami salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara 20 bayan haka. Gwamnoni sun hau ta, 'yan kamasho sun yi mata lodi, kuma wagon ɗinta mai kujeru layi uku ita ce ta daɗe tana riƙe da hanyar Kano zuwa Gumel, Malam Madori da Haɗeja.

An sha yabon tsayinta daga ƙasa da laushin sifirin ɗinta. Ni abin da ya fi burge ni shi ne inda aka ajiye safaya. Taya ce cikakkiya, daidai da sauran huɗun, an sa ta cikin kwandon ƙarfe a ƙarƙashin bayan motar, ana sauko da ita ta waje. Wanda bai taɓa yin faci da mota cike da kaya ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Direban da ya ɗauko buhunan riɗi da barkono da kwandunan busasshen kifi, ga fasinja da ƙunshinsu, ya san bambancin. Ba sai ya juye rabin lodi a bakin titi cikin rana ba kafin ya kai ga taya. Ya kafa jak, ya kwance notuna, ya sauya, ya ajiye wadda ta sace wajen mai faci na gaba. Wanda ya tsara wannan ya ɗauka cewa direba zai iya samun kansa shi kaɗai, nesa da gari, kuma motar ce za ta fitar da shi.

Gam da famfo an yi su ne da wani lissafi dabam. Cire taya da jak yana rage nauyin kilo goma sha wani abu, yana taimaka wa kamfani cika dokokin shan mai da hayaƙi, yana ba da wurin batir a motocin zamani. Ana jona famfon a ramin kunna sigari, ya tura gam cikin taya, gam ya toshe huda. Yana aiki idan ƙusa ce ko ƙaya ta shiga ta gadon bayan taya, hudar kuma ba ta wuce 'yan milimita ba, sannan a tafi a hankali, kada a haura kilomita 80 a awa. Idan gefen taya ya tsage ko rim ya lanƙwashe, sai a kira motar ja.

To, a ƙasar Haɗeja gefen taya ne ke mutuwa. Bayan ambaliya irin ta 2020 da 2022, ruwa yana cinye gefen kwalta ya bar mata baki mai kaifi, ramuka su ɓuya a ƙarƙashin kududdufi. Wanda ya sauka daga titi ya nufi ƙauyukan fadama wajen Auyo ko Guri zai haɗu da kututturen da aka sare da busasshen sawun tarakta. Babu gam ɗin da ke ɗinke irin wannan rauni, kuma motar ja ba a bakin hanya take jira ba. Ga shi gam ɗin yana da wa'adi a rubuce a jikin kwalba, motar da ta yi shekara 8 kafin ta tsallako teku sau da yawa nata ya riga ya wuce. Famfon dai abin kirki ne, ban raina shi ba. Da 504 ta zo da irinsa da an huta da neman mai iska da asuba.

Kwandon safayar 504 ma yana da nasa aibin, kuma masoyan Fijo ba sa son a faɗa. Duk taɓon damina a kansa yake ƙarewa. Maƙullinsa yana tsatsa, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi kwantuwa sai an sa guduma. Idan motar ta nutse a laka har gindi, safaya ta nutse tare da ita. Ɓarayi sun san hanyarsa. Kuma abin da ido ba ya gani ba a duba shi: da yawa an sauko da safaya an tarar ta fi wadda ta fashe sulɓi, ko babu iska a cikinta. Wannan laifin direba ne, amma ɓoye tayar ya taimaka masa. Sauran motar kuwa 'yar zamaninta ce. Tana shan mai, ba ta da jakar iska, kuma haɗurran wagon cike da mutum tara sun bar marayu a garuruwa da dama. Ba zan ce a dawo da ita yadda take ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, har yanzu tana lissafa tafiya ba safaya cikin laifuffuka. A nan dokar ta tsaya inda 504 ta tsaya, hanyoyinmu kuma sun ba ta gaskiya. Shi ya sa mai sabuwar Beljiyam, wato motar hannu da aka shigo da ita, yake wucewa Ƙofar Ruwa a Kano ya sayi rim da taya da jak kafin ya kamo hanyar Malam Madori. Sai ya iso gida ya ga babu gurbin da tayar za ta shiga, dole ta kwanta a tsakiyar but, ta cinye wurin buhu guda.