Jinjina ga Masu Alli na Shagari da Boɗinga

Kafin duniya ta san Alhaji Shehu Shagari a matsayin shugaban ƙasa a 1979, ɗalibai sun san shi da alli a hannu. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya zama hedimasta a Argungu, har ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su haddace labarin ƙasa da harshen da suka sha a nono. Wannan dabara ta malamin gaske ce. Allah ya yi masa rasuwa ranar 28 ga Disamba, 2018, aka kai shi makwanci a garinsu.

Magadansa na nan. Malamin firamare a ƙauyukan Boɗinga, ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa a Sifawa, yakan yi sammako bisa babur, ya tarar da aji maƙil, ya koyar da Turanci ga yaron da Hausa ko Fulatanci kaɗai yake ji. In an tashi ya leƙa gona, domin albashi ba ya kai iyali ƙarshen wata. Da dare kuma ya duba littattafan 'ya'yansa da tocila. Sannunku da ƙoƙari, malamai, Allah ya saka da alheri.