Lambar Aikin Bayan Fage da Martabar Layin Umarni

Masu ɗaukar layin umarni a matsayin tsohon yayi da linzami ya binne sun yi gaggawar yanke hukunci, domin duk matashin Dorayi da aka damƙa wa sabar mai Linux a wata masana'anta ta Sharada, Challawa ko Bompai, ranar da aiki ya cije baƙin allon nan zai koma. Asalin al'adar Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs a 1969; shel ɗin Stephen Bourne, wato manhajar da ke karɓar umarni ta aiwatar, ya fito a 1979, Bash na Brian Fox kuma a 1989.

Idan aka rufe umarni da alamar &, shel yana tura aikin bayan fage ya dawo wa mai aiki da allonsa, sannan ya nuna lambobi biyu da ɗalibai kan cakuɗa. Ƙaramar ta shel ce shi kaɗai, da ita ake cewa kill %1, babbar kuwa, wadda ake kira PID, ƙwayar tsarin ce ke bayar da ita, kuma ko'ina a na'urar an san ta. Babu hanyar riƙe wannan babbar lamba da ta kai $! kyau, domin ba bincike take yi ba, shel ne ke faɗin lambar abin da shi da kansa ya tayar a ƙarshe. Sharaɗinta ɗaya ne: a kwashe ta nan take da p=$!, saboda aikin bayan fage na gaba zai goge ta. Da lambar a hannu, wait $p zai jira aikin ya ƙare, har ya dawo da sakamakonsa, sifili idan an dace, wata lamba idan an samu cikas. Akwai wani lungu da ya cancanci natsuwa: idan an jera umarni da yawa da alamar |, $! na ƙarshe take nunawa, jobs -p na farko, wato jagoran rukunin, jobs -l kuma ya zayyano su duka.

Ɗabi'ar haɗa ps da grep don farautar suna ba ta cancanci farin jinin da take da shi ba, tunda grep kan kamo kansa a cikin jerin, kuma yana iya kamo aikin wani mai suna iri ɗaya. Zuwan pgrep tare da Solaris 7 a 1998 ya magance matsala ta farko, ya bar ta biyu, domin suna ba shaida ba ne, kamar yadda kiran Musa a ƙofar masana'anta kan juyo da mutum fiye da ɗaya.

Abin da ya kamata a cusa wa ɗalibi shi ne cewa wanda ya tayar da aiki shi ke da alhakin riƙe lambarsa, kuma alhakin ba ya ƙarewa da rubuta ta a fayil. Lambobin suna da iyaka, 32768 a tsohon saitin Linux, kuma ana sake raba su bayan mai su ya mutu. A garin da wuta kan ɗauke ba sallama, na'ura ta tashi da janareta, lambar da aka adana jiya tana iya zama ta ma'ajiyar bayanan albashi yau, don haka wajibi ne a duba ta da ps -p kafin a aika mata kill.