Maimaici da amsa-amo a waƙoƙin nanaye

1. Sukar da aka fi yi wa waƙoƙin nanaye, wato waƙoƙin soyayya da suka bunƙasa tare da finafinan Kano tun ƙarshen shekarun 1990, waɗanda matasanmu ke saurare daga Maraɗi har Damagaram, ita ce wai ba komi cikinsu sai maimaici. A ganinmu wannan suka ba ta faɗi inda ya kamata ba.

2. Maimaici gado ne a waƙar baka. Ƴan amshin Mamman Shata (ya rasu a 1999) sukan yi ta nanata gindin waƙa, ba wanda ya ce aibu ne, domin amshin shi ke ba jagora numfashi da sararin ƙago sabon ɗan waƙa. Abu ɗaya na tsaye, ɗayan na tafiya. A sutudiyo kuwa, ana iya ɗaukar amshi sau ɗaya, na'ura ta liƙa shi duk inda ake bukata. Siffar tana nan, amma aikinta ya sake.

3. Amsa-amon ƙarshen ɗango ma ba shi ne ma'aunin gwaninta ba. Galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, wasulan kuma biyar ne. Ga ɗafe-ɗafe irin su -wa, -na da -ki a hannun kowa. Saboda haka amsa-amon gaɓa yana da araha. Tun a 1980 Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa marubuta waƙa da dama suna daidaita karin sautin ƙarshen ɗango, ba gaɓa kaɗai ba. Wannan amsa-amon kari shi ne mai wuyar samu.

4. A nan ne ainihin matsalar take. Hausa na bambanta ma'ana da karin sauti da kuma tsawon wasali: wuyàa (na jiki) da wùyaa (wahala), kuukaa (na hawaye) da kuukàa (itace), gàrii (mazauni) da gàarii (na tuwo). Idan an riga an tsara kiɗa a fiyano, sau da yawa bisa salon waƙoƙin Indiya, sannan aka cusa kalmomi, sai a ja gajeren wasali, ko a ɗaga gaɓar da ke ƙasa, don ɗango ya dace da muryar kiɗa. Mai sauraro yakan gane nufi daga muhallin magana, amma kunnen Bahaushe yana jin an tauye kalma. Mawaƙin da ya iya harshensa shi ne wanda muryar waƙarsa ke bin hawa da saukar magana, ko da ya maimaita ɗango sau goma.

5. Abin lura ga ɗalibanmu shi ne, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna kari, ba ya nuna tsawon wasali. Wanda ya yi nazari daga baitocin da aka kwafa a takarda, maimaicin kawai zai gani. Ya kamata a koma ga sautin, a rubuta kowace gaɓa da karinta da nauyinta, a gwada da yadda aka rera ta, kafin a yanke hukunci.