Kurciyar Mai Sunsaye: Nazari a Kan Littafin Burning Grass

Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna a 1921, da Turanci ya fitar da Burning Grass a 1962, amma larurar da ya gina labarin a kanta ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Abin da ya kira sokugo, mu kurciya muke ce masa. Ardo, abokin hamayyar Mai Sunsaye a sarautar Dokan Toro, shi ya yi masa ita, dattijon ya bar iyalinsa ya bi tsuntsuwa, bai san inda ya dosa ba.

Abin da na fi yaba wa marubucin shi ne bai zubar wa majinyacin da girma ba. Mai Sunsaye ya sauka wurin ɗansa Jalla, mai tarin shanu, aka karɓe shi a matsayin uba. Da abin ya motsa sai ya sake kama hanya. Har dalili ya samar wa yawon nasa, wai Fatimeh yake nema saboda ɗan lelensa Rikku. Nan Ekwensi ya nuna ya san mutane. Mai irin wannan larura yakan lulluɓe ta da uzuri, har shi kansa ya gaskata.

Sai dai ni ɗan ƙauye ne tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, burtali ma da ƙyar ya tsira daga garma. Da wannan idon na karanta, sai na ga rabin mutuncin Mai Sunsaye faɗin daji ne ya saya masa shi. A wurinmu wanda hankalinsa ya gushe ba shi da dajin shiga. Taku kaɗan ya faɗa shukar maƙwabci, yara su bi shi da ature, magana ta kai gaban mai unguwa. Daga nan sai kulle a ɗaki, ko gidan mari, mai ɗan hali ya nufi asibitin Dawanau.

Inda littafin ya gaza mini kuwa, wajen Shaitu ne, matar da aka tafi aka bari. Alƙalamin ya bi mai tafiya saboda can ake faɗa da tsere, ya taƙaita labarin mai jira, alhali a gidajenmu nauyin jinya a kan irinta yake sauka: ita ce mai tuwo, ita ce mai wanki, ita ce mai amsa tambayar dangin miji. Haka kuma warakar ta zo da araha. Tunda asiri ne, yana da makari, Fatimeh ta ba shi magani ya dawo hayyacinsa. Matar da ta shekara goma tana kwana da mabuɗin ɗakin mijinta a bakin zane za ta nemi kanta a babin nan ta rasa.